Mahadi da Bokitin Zaitun

Mahadi mai gyaran mukayyif ne, wato na'urar sanyaya ɗaki, a unguwar Mansur da ke Makka. Shagonsa ɗan ƙarami ne, tsakanin mai tsire da mai sayar da takalma, kuma a garin da zafi ke narkar da kwalta, mai wannan sana'a ba ya rasa masu nemansa. A Makka aka haife shi, a nan ya yi aure, a nan furfura ta fara fito masa. Ba shi da yawan magana. Idan yana kwance inji, idonsa na kan aikin amma hankalinsa ya yi nisa, har sai mai kaya ya yi gyaran murya.

Kowa a layin ya san inda hankalin ke zuwa. Duk ranar Asabar, da an idar da sallar asuba, yakan ɗora sandunan fatsa a tsohuwar motarsa ya nufi Shu'aiba, bakin teku, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci. Duwatsun Makka su yi ta ƙanƙancewa a madubi har ƙasa ta baje, iska ta sauya ƙamshi. Ba ya shiga jirgi. Tsayawa yake yi cikin ruwa iya cinya, inda igiyar ruwa ke karyewa, ya wurga ƙugiya can nesa, ya jira.

Maganar kyamara kuwa daga mahaifiyarsa ta taso. Inna Mujahida tana da shekara bakwai iyayenta suka ƙetaro teku da ita a jirgin ruwa daga Sawakin, bayan sun shafe shekaru suna noma a Sudan da niyyar Hajji a zuciya. Ta sha wuya a jirgin nan, shi ya sa tun daga lokacin ba ta yarda ta matsa kusa da teku ba, ko an je Jidda. Da tsufa ya zo, ƙafafu suka ƙi, sai ta soma tambayar labarin ruwan.

Wata Asabar da yamma, Mahadi ya shigo ɗakinta da warin kifi a jikinsa. Ta riƙo bakin rigarsa ta shinshina.

"Auta, wane launi ya yi yau?"

"Shuɗi, Inna."

"Ba shuɗi ba ne. Ranar da muka ƙetaro, a ƙasa aka kwantar da ni cikin kaya, ina ta amai. Da gari ya waye babana ya ɗaga ni sama na leƙa. Ba shuɗi ba, ba kore ba. Kamar an zuba madara a faranti na azurfa, kuma babu inda ruwa ya ƙare sama ta fara. Sau ɗaya na gan shi."

Ya nuna mata hotunan da ke cikin wayarsa, ta ce idonta ba ya ganin teku a tafin hannu. Sai ya nemi kyamara ta gaske, wadda za a wanke hotonta da girma.

Ta farkon ba ta yi wata biyu ba. A wuya ya rataye ta ya shiga ruwa. Igiyar ruwa ɗaya ta fantsamo masa a ƙirji, ya goge da riga ya ci gaba da harkarsa. Bayan mako uku maɓallai suka ƙage, farin gishiri ya fito a bakin kowane ƙusa. Mai gyara ya juya ta a hannu ya ce, "Halas, ya ahi, ta gama aiki. Ruwan bahar ya cinye ta."

Da ya samo ta biyu, matarsa Nadiya ce ta shiga maganar. Ta fito daga kicin da bokitin roba na zaitun, irin mai murfin da ake murɗawa, ta ajiye masa a gaba.

"Abu Rawan," ta kira shi da sunan 'yarsu, "abin da ya hana ruwan zaitun fita, ai zai hana ruwan teku shiga."

Ya daɗe yana kallon bokitin. Washegari ya yanko zoben roba a shago ya lanƙwasa a cikin murfin. Nadiya ta wanke bokitin sau uku ta shanya, ta shimfiɗa masa tsohon rawani a ciki. Maƙwabcinsa mai takalma ya riƙa tara masa 'yan ƙullin nan masu shan laima da ake samu cikin kwalin sabbin takalma. Mahadi ya tura bokitin cikin bahon wanka ya danne shi da dutse, ya tafi sallar la'asar. Da ya dawo, takardar da ya saka a ciki a bushe take.

Sauran dabarun a hankali ya koye su. Ya gane hannun masunci ya fi teku ɓata kyamara, domin akwai gishiri, akwai yauƙin kifi, akwai jatan landen da ake sa wa ƙugiya. Don haka ba ya buɗe murfi sai ya kuskure hannu da ruwan gora, ya goge da tawul ɗin da ba ya taɓa komai sai wannan aikin. Ba ya buɗewa yana fuskantar iska. Ya kuma lura idan kyamara ta sha sanyi a mota ta fito cikin ɗumin bakin teku, gilashinta yakan yi gumi, hoto ya fito kamar an hura masa hayaƙi. Daga nan ya daina kunna sanyin mota in zai je Shu'aiba. Abokin fatsarsa Rakan, direban bas ne a unguwar Shisha, ya yi mita har ya gaji.

"Mai gyaran mukayyif, kana dafa mu a mota saboda kyamara? Haram alaik!"

Mahadi sai murmushi. Yakan ɗaure bokitin a ƙugunsa da igiya mai tsawon gaba biyu, bokitin na lilo a bayansa bisa ruwa kamar akuyar da ta saba da mai ita. Shekara biyu yana kawo wa Inna hotuna. Takan kai su dab da fuskarta, ta daɗe, sannan ta ce, "Ya yi kyau," ta ajiye a ƙarƙashin filo. Ya san ma'anar wannan "ya yi kyau" ɗin.

Ranar da abin ya faru, lokacin sanyi ne, hazon ruwa ya kwanta bisa teku. Bai daɗe da wurga ƙugiya ba ya ji an fizga, sandar ta lanƙwashe. Babban kifi ne, irin wanda mutum kan yi shekara bai haɗu da shi ba. Suka yi ta ja-in-ja, ya matsa hagu, ya matsa dama, ruwa ya kai masa ciki. Sai ya ji muryar Rakan daga tudu.

"Ya Mahadi! Bokiti! Bokiti!"

Ya waiga. Ƙullin ƙugunsa ya warware, bokitin ya riga ya wuce inda igiyar ruwa ke karyewa, yana tafiya sannu a hankali, igiyarsa na binsa. Mahadi bai iya iyo ba. Ya dubi sandar da ke rawa a hannunsa, ya zaro 'yar wuƙa ya datse zaren. Kifin ya tafi. Ya ɗaura ƙugiya mai baki uku da dalma mafi nauyi a aljihunsa, ya wurga wajen bokitin. Ta faɗi gefe. Ya naɗe ya sake. Ta uku ta bugi murfin ta zame.

Yana cikin haka rana ta taso a bayansa, haskenta ya ratsa hazon. Sai ruwan ya lafa. Shuɗin ya gushe, komai ya koma fari mai sheƙi, babu layin da ya raba sama da ƙasa, bokitin kamar yana rataye a iska. Ihun Rakan ya yi masa nisa. Ya tsaya da sanda a hannu, ya manta abin da yake yi, yana jin ruwa na numfashi a jikinsa. Bai san tsawon lokacin da ya ɗauka ba.

A wurgi na bakwai ƙugiyar ta kama igiyar. Ya janyo a hankali, yana salati, har bokitin ya taɓa gwiwarsa. Ya fita tudu. Rakan na cewa ya yi sauri ya buɗe, amma sai da ya kuskure hannu, ya goge, ya juya wa iska baya. Kyamara na kwance cikin rawaninta, ko ɗigo babu. Kafin ya ɗaga ta hazon ya fara yayewa. Ya ɗauki hoton abin da ya rage.

Inna ta daɗe riƙe da hoton nan fiye da kowane.

"Ba shi ba ne," ta ce. "Amma ɗan'uwansa ne."

"Na gan shi, Inna. Kyamarar ce ba ta hannuna."

"To faɗa mini."

Mahadi, wanda sai ya wuni bai yi magana goma ba, ya zauna a bakin gado ya yi ta bayani har aka kira magariba. Ta lumshe ido tana saurare. Da ya gama ta ce, "Shi ne." Can kuma ta buɗe ido ɗaya. "Kifin fa? Haka ka dawo mana hannu biyu?" Nadiya na bakin ƙofa ta fashe da dariya.

Hoton aka manna a bango, ta ɓangaren da Inna ke kwanciya. Bayan ƙaramar sallar shekarar Allah ya yi mata rasuwa. Mahadi ya yi wata huɗu bai je Shu'aiba ba, sandunan na jingine a bayan ƙofa.

Wata Asabar ya dawo daga masallaci ya tarar da Nadiya sanye da abaya, ta zuba shayi a fulas, ta naɗe ƙosai a takarda.

"Yalla, mu je. Kullum sai dai a kawo min in soya."

A bakin ruwa ya sa mata jatan lande a ƙugiya, ya wurga, ya miƙa mata sandar don ya je ya kuskure hannu. Bai kai ga gorar ba ya ji ta ƙwalla kira. Tana tsaye ruwa iya idon sawu, gefen abayarta ya jiƙe, sandar na lanƙwashewa, tana ja da baya tana ambaton Allah. Ranar kifi huɗu ta kama, shi ko ɗaya. A hanyar dawowa ta ce mako mai zuwa ya nemo mata tata sandar, mara nauyi.