Tabkin da Aka Daina Duka

A Kona muka tashi, a hannun kakarmu Inna Dije. Da an gama cin tuwo bayan magariba, sai ta tura karan gero cikin murhu, mu kewaye ta. Ni ce matsoraciyar gidan, ni ce kuma mai matsowa kusa.

Akwai tatsuniya guda da ba ta taɓa murmushi in tana ba mu ita. Wai wani gari ne mai tabki ɗaya, duk ruwan wanki da na wanke-wanke can yake gangarawa, amma bai taɓa wari ba. Kowace safiya matan garin kan shiga har gwiwa, su yi ta dukan ruwan da ƙwarya har ya yi kumfa. Sai aka naɗa mai gari mai son barcin safe, ya ce hayaniyar ta ishe shi, ya hana.

"Ran hwarko ba komi," in ji Inna tana rage murya. "Ran na biyu kwaɗi sunka yi shiru. Ran na ukku ruwa ya yi baƙi ƙirin, yana wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai."

"Sai mi, Inna?"

"Sai yara sunka hwara zawo, ana ta kai su kushewa. Ruwa ma numhwashi yakai, ɗiyata."

Na girma ina ɗauka tsoratarwa ce kawai. Yau ga ni ina aiki a tashar tace ruwan ƙazanta ta wani birni. Manyan injuna ke kaɗa ruwan suna cusa masa iska, domin ƙwayoyin halittar da ke cinye dattin ba sa rayuwa sai da ita. Ran da aka fara koya mana haka, sai na tuna tabkin tatsuniyar Inna.

Makon jiya injunan suka tsaya cak. Na je na gaya wa shef, shugaban tashar.

"Madam, kayan gyara suna bisa hanya," ya ce. "Buɗe ruwan shi wuce hakanan."

Na san lambunan salati ne a ƙasan magudanarmu. Na ji tsoron rasa aikina, na buɗe. Da ina yarinya mai garin kaɗai nake tsinewa. Yanzu na lura a cikin matan tatsuniyar ma babu wadda ta ce ta ƙi.

Kwana huɗu ke nan ruwan yana fita baƙi. Ɗazu na hangi wata mata a lambun da goyo a bayanta, tana wanke salati a cikin ruwan za ta kai kasuwa. Ta ɗago ta gaishe ni da aiki.