Guzurin Teku a Cikin Takarda

Duk wanda ya zauna a dogayen benayen Minguettes, a Vénissieux da ke gefen birnin Lyon, ya san ƙofar Rékia ko da bai san lambarta ba. Hanci ne ke kai mutum. Tun daga matakala ƙanshin citta da tunkuza ke tarbarka, kuma maƙwabtan da suka yi ta ƙorafi a shekarun farko su ne yanzu ke ƙwanƙwasawa da 'yar faranti a hannu, wai sun zo gaisuwa.

Rékia 'yar Damagaram ce, daga unguwar Birni. Sana'ar mahaifiyarta guzuri ce. Direbobin manyan motoci masu hawa arewa, zuwa Agadas da Dirku, ba sa ɗaga ƙafa sai sun biya ta gidansu sun karɓi kilishi da dambun nama da dakuwa. A nan Rékia ta koyi yanka nama falle-falle, ta koyi dama labu, wato kwaɓin gyaɗa da yaji da ake tsoma naman a ciki. A nan kuma ta koyi dokar da ba a tattaunawa a kanta: kilishi ba ya shiga leda. Leda tana sa shi gumi ya lalace. A takarda ake naɗe shi, ya sha iska, ya yi wata da watanni a hanya.

Aure ya kawo ta Faransa. Mijinta, Malam Yakubu, ya yi aikin masana'anta har Allah ya karɓi abinsa, ya bar ta da ɗa guda, Nazir. Da safe tana sharar ofisoshi, ƙarshen mako tana kilishi. Ranar Lyon kuwa ba ta busar da ko tsumma, balle nama, sai ta koyi shanya shi a cikin fur, wato murhun gashi na zamani, wuta ƙasa-ƙasa, ƙofa a ɗan buɗe. Ɗaliban Nijar na unguwar Bron su saya, masu tafiya Umra su saya. Ba wanda ya taɓa dawo mata da ƙorafi, kuma ba ta ɓoye alfaharinta da hakan.

Nazir ya gama karatu ya samu aiki a Paris, daga nan sai ya fara yi mata nisa. Gaisuwar da a da ake shimfiɗa ta a tambayi gajiya da sanyi da mutanen gida ta koma "Ça va, Inna? Ina cikin metro, zan kira." Sallah ta zo ta wuce bai zo ba. In ta tambaye shi me ya ci, sai ya kira mata sunan abin da ba ta taɓa ji ba. Abin da ke cin ranta ke nan: kada ɗan da ta goya ya manta ɗanɗanon hannunta, ya zama baƙon da ke kiranta don sauke nauyi. Kewarsa take ji har cikin ƙashinta, amma ba ta iya faɗa masa.

Sai ga sabon salo. Abokan aiki suka koya masa hawa jirgin ruwa, ba mai inji ba, irin wanda ake ɗaura wa ƙyalle iska ta tura. Jikan mutanen da rijiya ce babban ruwansu, wai shi ne zai ƙetare teku! Wata rana ya sanar da ita cewa za su kai wani jirgi tsibirin Martinique, shi da mai jirgin da wasu mutum biyu, makonni ba ganin ƙasa, ba waya.

Rékia ba ta hana shi ba, don ta san ba zai hanu ba. Mahauci ta kira. Ta yanka, ta shanya, ta tsoma, ta gasa, ta daka dambu har kafaɗarta ta riƙe. Ta naɗe komai a takarda mai kauri, ƙunshi-ƙunshi, ta hau jirgin ƙasa zuwa Paris da jaka a cinya.

Ɗakinsa yana kusa da Porte de la Chapelle. Ta tarar da kayan tafiya baje a ƙasa, har da abincin jirgin: wasu 'yan fakiti marasa nauyi da ake zuba wa ruwan zafi su kumbura. Ta ɗaga guda ta jijjiga, ta ji yana kaɗawa kamar tsakuwa a gwangwani.

"Wannan za ka ci?"

"Shi ne, Inna. Babu firigo na sanyaya abinci. Dankali da albasa a raga ake rataye su, ruwan sha ma aunawa ake yi. Kowa ɗan gurbi gare shi."

"To ka nemi gurbin wannan," in ji ta, ta buɗe jakar.

Ƙanshi ya cika ɗakin. Nazir ya ce, "Inna, attends, bari in kai a sa shi a ledar da ake zuƙe wa iska. Teku akwai laima."

"Leda? A kilishina? Kakarka ta ciyar da direbobi har Dirku da takarda. Kai yaushe ka fara sanin nama?"

Ya dubi hannuwanta da yaji ya ƙona. Ya fitar da rigunan sanyi biyu daga jakarsa, ya jera ƙunshin a wurinsu.

Makonnin da suka biyo baya Rékia ta yi su ne da waya a aljihun rigar aiki. Ba ta san teku ba, don haka ba ta san abin da za ta ji tsoro ba. Sai ta riƙa tunanin bakinsa. In ta zauna cin abinci, ta ce yanzu ya kai ga dambu. In ta hau tiram, ta ce yanzu yana miƙa wa mai jirgin, Bature na hawaye saboda yaji. Da wannan ta rayu.

Wata Juma'a bayan la'asar waya ta yi ƙara. Muryarsa ce, a dushe, kuma wannan karon ya yi gaisuwa cikakkiya, har da tambayar maƙwabta. Ta bari ya gama da ƙyar.

"Ka ci?"

"Inna, ba zan yi miki ƙarya ba. Tun makon farko takardar ta jiƙe. Komai a jirgin jiƙe yake, har bargo. Guzurin ya yi funfuna, duka. Mai jirgin ya ce a zubar."

Rékia ta zauna a bakin gado. Kunya ta rufe ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba a sana'arta. Dokar uwarta ta hamada ce, ita kuwa ta aika ta cikin ruwa, ta kuma bar yaron da sanyi saboda taurin kanta.

"Ka zubar ke nan," ta ce a hankali.

"Ban zubar a lokaci guda ba. Na ɓoye a gurbina. In aikina ya ƙare na sauko, sai in buɗe ƙunshi ɗaya in shaƙa. Ƙarƙashin funfunar ƙanshin yana nan, Inna, kamar ina kan matakalarmu. In na shaƙa ya ishe ni, sai in jefa wannan a ruwa, gobe in buɗe wani. Na ƙarshen sai da muka hango ƙasa na sake shi."

Ta toshe bakinta da gefen mayafi don kada ya ji kukanta.

"Inna? Kina ji na?"

"Ina jin ka."

"In na sauka ba zan tsaya Paris ba. Lyon zan wuto. Ki yi mini wani, in ci shi da zafinsa a gabanki."