Ranar da Munka Share Matoya

Ni maginiya ce. Daga Kebbe anka kawo ni aure Tambuwal, na iske uwar mijina tana ginin tukwane, a hannunta na koya. Matoyarmu, inda muke toya tukwanen, tana bakin gari ta yamma, ramin yumɓu yana gefenta. Inna, uwar mijin nawa, ta ce ita ma a nan ta iske tata surukar. Da ta rasu ni na zama babba, mu mata fuɗu. Gaba da mu kaɗan akwai majema. In iska ta juyo mu toshe hanci muna zagin masu jima, su kuma suna zagin hayaƙinmu.

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba, bayan kaka, mai shela ya zaga unguwanni: baƙi za su zo daga Sakkwato su duba gari, kowa shi gyara wurinsa. Mu dai baƙon da munka sani da duba wuri shi ne duba-gari. Na taɓa ganinsa ya leƙa randar maƙwabciyata, ya ga tsutsa, ya sa anka tuntsurar da ita a tsakar gida. Rami mai kwantaccen ruwa kuwa ba ya ƙaunar ganinsa. Sai na tara matan nan uku na ce ba ni za a kunyata ba.

Kwana uku muna aiki. Munka kwashe toka, tokar da ta girme ni, munka zuba a gonaki. Munka tsince tsingaro. Kara da kashin shanun da muke toyi da su, munka ɗauke zuwa gida. Ramin yumɓu munka jera masa itace, munka shimfiɗa kara, munka bi da ƙasa. Sannan shara, sannan yayyafi.

Ƙaramar cikinmu ta ce, "Yaya, ko mu bar tukunya guda, a san da mutane?"

Na ce, "Ki bar mi? Don a ce ƙazamai na yamma? Ɗauki tsintsiya."

Ranar da sunka zo ba mu fita ba, ba a san mace da tsayawa gaban baƙin maza ba. Ta ramin darni na kalle su. Suna da doguwar sarƙa, da wani abu mai ƙafa uku da ake leƙawa, ɗaya yana rubutu. A majema sunka toshe hanci, mai rubutun ya daɗe yana yi. A wurinmu kuwa sunka tsaya sunka sha iska, sunka ja sarƙa ta tsakiyar matoya, sunka kafa turakun siminti. Ba wanda ya yi faɗa. Wallahi har daɗi na ji.

Da la'asar babban majema ya biyo ta ƙofarmu, tsoho ne mai baki. Ya ce, "Maginiya, sannu da shara. Kin gyara musu har sun ga wurin kwana."

Na ce, "Kai dai tafi ka wanke warinka."

Ya yi dariya ya wuce. Ban gane ba a lokacin.

Munka buɗe rami, munka ci gaba da toyi har damina ta wuce. Wata safiya na iske maza suna haƙa harsashin gini a inda nake jera tuluna. Na yafa zane na nufi gidan mai unguwa. Na yi sa'a, ko rashinta, malamin awon nan mai rubutu yana zaure, ya baje wata babbar takarda a tabarma.

Na durƙusa na ce, "Ranka shi daɗe, ana gini a matoyata."

Mai unguwa ya ce, "Matso ki gani, baiwar Allah. Malam, nuna mata."

Ban san baƙi ba, ban yi karatu ba, amma ina da ido. An raba garin da launi. Malamin ya ɗora yatsa: ja wurin gidaje ne, shuɗi kasuwa, kore burtalin da shanu ke bi, rawaya kuma wurin sana'ar hayaƙi da wari. Ya ce a cikin ja ba a toyi, ba a jima, ko da a tsakar gidanka ne. Na nemi majema, na gan ta rawaya, tana nan inda take. Na nemi wurinmu. Ja ne, an yanka shi fegi-fegi.

"Nan an rubuta fili ne, ba kowa," in ji shi.

"Ba kowa? Malam, nan nika toyi tun ba a haife ka ba."

"Inna, abin da munka gani munka rubuta. Ina toka? Ina rami? Ko tsingaro ban taka ba."

Na ce, "Ni na kwashe."

Mai unguwa ya ce, "To wa ya aike ki?"

"Shelarka, ranka shi daɗe."

Mai unguwa ya kau da kai yana jan carbi. Malamin ba mugu ba ne, na ga abin ya taɓa shi. Ya ce takarda ta riga ta je Kaduna ta dawo da hatimi, ba mai goge ja. Amma an ware wa masu hayaƙi wani wuri a gabas, gefen burtali.

Munka je gabas. Rairayi ne, ba yumɓu ko na shafa wa kasko. Iska ba ta da abin da zai tare ta, wuta ta ci gefe guda ta bar gefe guda ɗanye. Muna ɗauko yumɓu a ka daga tsohon rami, har ranar da mai fegin ya cike shi ya aza bango. Daga nan sai wanda ake kawo mana a jaki daga wata fadama, shi kuwa ba ya riƙe wuta, randa takan tsage tun ba ta huce ba. Wata rana garken shanu ya ratso ta inda na shanya tukwane ya tattake aikin mako biyu. Bafillatanar da ke bayansu ta yi ta ba ni haƙuri. Mi zan ce mata? Ita ma takardar ce ta matse mata hanya.

Matan sunka zare ɗaya bayan ɗaya. Ɗaya ta koma kaɗi, ɗaya dakau, ƙaramar ta bi mijinta Sanyinna. Ban taɓa ce mata ta fi ni gaskiya ba, ita ma ba ta taɓa tuna mini ba. Ni na ƙara shekara biyu ni kaɗai. Toyin ƙarshe, tulu uku na fitar masu rai.

Da ɗiyata ta tasa ta ce in koya mata gini. Hannunta mai kyau ne, na gani tun tana wasan ƙasa. Na ce mata, "In kin gina, ina za ki toya?" Na aike ta gidan maƙwabta ta koyi saƙar faifai.