Takardun da na cike wa Yaya Lawal

Yau shekara takwas da muka binne Yaya Lawal a wata maƙabartar Musulmi a nan Maryland, ƙasar Amirka. Ɗan kawuna ne, shi ya ɗauko ni daga gida. Ni direban tasi ne a Landover, karatuna bai wuce sakandare ba. Shi kuwa yana aiki da wata ƙungiya mai bin diddigin zazzabin cizon sauro, su gano inda cutar ta fi kisa don a fara kai gidan sauro da magani can.

Wata shekara zan je ganin gida, sai ya haɗa ni da masu zagayen tambayoyi gida-gida a yankinmu, in taya su cike takardun mace-macen yara. Kafin in tashi ya zaunar da ni a falonsa na Greenbelt, ya ce, "Sabi'u, kada ka tsaya a zaure. Uwa ba ta lissafa ɗan fari, kunya take. Wanda ya koma kuwa ba ta son a tuna mata. Ka nemi tsohuwar gidan ka zauna da ita."

Ban zauna da kowa ba. Ina ji da kaina na dawo daga Amirka, ga rana, ga 'yan uwa suna jirana. A ƙofar gida nake tambayar maigida, ya ce lafiya lau, in rubuta babu mutuwa. Wasu gidajen ma daga cikin mota na cike musu.

Da rahoto ya fito, yankinmu ya zama cikin masu sauƙi. Aka kai gidan sauron wani wuri. Damina ta zagayo, zazzabi ya ɗauki Rabi, 'yar ƙanwata, ba ta cika shekara uku ba. Ba zan rantse cewa takarduna ne suka kashe ta ba, kuma ba zan iya rantsewa cewa ba su ba ne.

Yaya ya zo mini ta'aziyya. Da zai fita ya tsaya yana sa takalmi, ya ce, "Ka dai tambayi tsofaffin nan ko?" Na ce, "Na tambaya, Yaya." Ya dafa kafaɗata ya ce to, kwananta ne ya ƙare.

Na ji yanzu da waya ake tattara bayanan, nan take su iso ofis. Da yana raye na san zai tambaya ko mai riƙe da wayar yana shiga cikin gida. Ina zaton amsar ba za ta faranta masa ba.

Abokan aikinsa har yau suna cewa Lawal bai taɓa sa hannu a kan ƙarya ba. Ya sa sau ɗaya, bai sani ba, ni na miƙa masa. Bayan rasuwarsa na rubuta wa ofishinsu na faɗi komai. Suka yi mini godiya, suka ce an daɗe da rufe wannan aikin.

Allah ya jiƙan Yaya da Rabi. Ni kuwa wanda zan roƙa gafara ya tafi yana sa mini albarka.