Kifin da Ya Warkar da Tafki

Binciken halittun ruwa a ƙasar nan a kafaɗar mutum ɗaya yake tsaye, kuma mutumin bai iya iyo ba. Ana kiransa Baba Filafili. Shekara goma sha ɗaya yana tuƙa Dakta, wata malamar jami'a, a kwale-kwalensa zuwa tsakiyar tafki, Talatar farko ta kowane wata. Ita ta ɗebi ruwa a kwalabe, shi ya jefa koma, ya riƙe mata lema. Jami'a ta ba shi rigar hana nutsewa mai ruwan lemo. Da ita yake zuwa kasuwa, da ita yake zuwa gaisuwar mara lafiya.

Abin da Dakta ke nema wani ɗan kifi ne mai jan ciki, bai kai yatsa ba. Ba ya zama sai a ruwa mai tsabta, kuma tun da wata masana'anta ta fara zubo dattinta ya ɓace. Wata rana ta ce masa:

"Baba, in bana ma ba mu same shi ba, rufe binciken za a yi."

"Rigar fa?"

"Ta jami'a ce."

Ya ce ta nuna masa hoton kifin. Ya duba, ya sake dubawa, ya ce Allah mai iko.

Da wata ya zagayo sai ya zo da bokiti a rufe, ya tura shi ƙarƙashin mazauninsa, ya ce ruwan sha ne. Dakta na can tana rubutu, ya jawo koma. Guda shida. Ta kurma ihu, ta miƙe tsaye tana tsalle, kwale-kwale ya karkace, lema ta bi ruwa.

"Baba! Ya dawo! Tafki ya warke!"

"Dama na ji a jikina, ranki ya daɗe. Zauna don Allah, ke kin iya iyo."

A ɗakin gwaje-gwaje ɗalibai suka yi layi suna leƙen kwalba. Shugaban sashe, wanda bai taɓa ganin tafkin ba, ya ce ya daɗe yana hasashen haka. Aka ƙara wa binciken shekara uku. Mai hoto ya ce Baba ya yi murmushi, ya ce ai tun ranar Talata bakinsa bai rufu ba. Dakta ta sa sunansa a shafin godiya, ya sa aka karanta masa sau huɗu, na ƙarshen a tsaye.

Yayarsa ce kaɗai ba ta taya murna ba. Ta tare shi a ƙofar gida tana sosa hannu.

"Kai Auta, sauro ya gama da ni. Ina waɗanda ka ce aron wuni ɗaya?"

"Suna jami'a, Yaya."

"Karatu suke?"

Kifi shida gare ta a tankin ruwan bayan ɗakinta, masu cinye mata tsutsar sauro. Yanzu babu ko ɗaya.