Koriyar Takarda a Kan Fitilar Mai

Har yau idan na ga takardar alawa koriya sai raina ya ɓaci, kuma yayana ne sanadi.

Lokacin ina malamin lakwal, wato makarantar boko, a Buza, a farkon shekarun tamanin. Bayan an tashi yara ba ni da wani abin yi da ya wuce farke matattun rediyoyi, mutane suna kawo mini nasu ina gyarawa don sha'awa. Yayana kuwa direba ne, yana da bashe, wato a-kori-kura, da yake ɗaukar mutane da buhuna tsakanin Madawa, Buza da Keita. Yana son motar nan kamar ya haɗiye ta. Da ya ga na haɗa ɗan agogo mai lambobi masu haske, sai ya ce in sa masa a tablo, wato gaban direba inda allurai da fitilu suke.

Na sa. Ya leƙa, ya yamutsa fuska.

"Wanga ja na. Tablona kore na. Mi kaka son mutane su ce?"

Wa zai ce wani abu? Buhunan albasa? Amma yayana ne, sai na ce to.

Sati uku na yi ina fama. Na ɗora koriyar takardar alawa a kan jajayen lambobin, sai suka ɓace ɗungum. Na gwada fasasshiyar koriyar kwalba, haka. A nan na gane cewa jan haske ba ya ratsa kore, mutuwa yake yi. Daga baya na samu mataccen kalkuleta a kasuwar Bangi, haskensa shuɗi-shuɗi, na ɗora masa takarda rawaya, sai ga kore sak irin na tablon. Yayana yana tsaye a kaina duk lokacin da nake wannan wahala. Da bakina na gaya masa abin da kore ke yi wa ja, ya ce, "Uhm," yana goge madubi.

Ba a yi wata ba, ranar kasuwar Garhanga da tsakar rana, dutse ya fasa masa tukunyar baƙin mai ta ƙarƙashin injin a hawan nan na hanyar Keita. Mai ya tsiyaye kaf, shi kuwa yana ta taka wuta har injin ya kama ya ƙone. Akwai jar fitila a tablo da aikinta ke nan, ta kunna idan mai ya ƙare. Ya rantse ba ta kunna ba.

Kafin a jawo motar gida, labari ya riga ta isowa tasha: agogon malam ya shanye wutar fitilar, ya kashe mota. Shi ya faɗa, a gaban kowa. Waɗanda na gyara wa rediyo kyauta suka dinga zuwa suna karɓar kayansu, wani ma ban ɗaure masa bayan ba ya ce in bar shi haka. Har a masallaci ana nuna ni, wai ga mai kashe mota. Ni da ban taɓa ƙona ko ƙwan tocila na wani ba!

Na san aikina, na san ban taɓa wayar fitilar nan ba. Na je inda aka yar da motar a ƙarƙashin gawo, na shiga, na kunna makulli. Fitilar mai shiru. Na kai yatsa, sai na ji santsi. Koriyar takardar alawa ce, ragowar tawa, an yanke ta daidai an manna da gam. Na ɓanɓare, jar fitila ta haska mini fuska. Ashe da agogo ya zama kore, ita kaɗai ta rage ja, ta tsone masa ido, ya rufe ta don tablonsa ya yi kyau. 

Na fara zuwa wurin innarmu, na nuna mata.

"Wanka na," in ji ta. "Ya rasa mota, kana son shi rasa mutunci? Ka kai mishi, ku biyu."

Nawa mutuncin fa? Ban tambaya ba, ba a yi wa inna haka.

Na same shi a zaure yana cin goro. Na ajiye takardar a kan gwiwarsa. Na ɗauka zai sunkuyar da kai. Ya ɗaga ta, ya juya, ya dube ni.

"Wa ka nuna ma?"

"Inna ɗai."

"Madalla," in ji shi. Ya ninke ta, ya sa a aljihu, ya ɓaro goro ya miƙo mini.

Har na bar Buza ba wanda ya sake kawo mini rediyo.