Fartanyar Kaka a Ƙasan Rumbu

Jiya da hantsi wata motar haya ta tsaya a ƙofar gidana a nan Zuru, aka sauke kujera. Babban ɗana ne ya aiko daga Kaduna. Irin mai laushin nan ce, har da wurin miƙe ƙafa. Ina yage ledar, sai ƙanshin sabon soso ya bugi hancina. Maƙwabta suka taru suna sa wa yaron albarka. Ni kuwa na shige ɗaki na zauna a bakin gado, don na san wannan ƙanshin. Shekara hamsin ke nan bai canza ba.

Bari in ba ku labarin kakata, uwar babana. A wani ƙauye kusa da Dabai muka tashi, gidanmu a gindin dutse, gonarta a can sama. Ba wanda ya san shekarunta, ita ma ba ta damu ta sani ba. Gajeruwa ce, busasshiya, dunduniyarta duk faso. Kafin zakara ya gama cara ta riga ta sha kununta, ta saɓa fartanya, ta tashe ni da ƙafa. Hanyar nan ta dutse da ke sa samari haki, ita tana hawa tana hira. Ni ce ’yar shekara goma, ni ce kuma nake tsayawa ina dafa gwiwa. Sai ta waiwayo ta ce, “Ke ragguwa, a haka za a yi miki golmo?”

Golmo shi ne noman da saurayi ke yi wa iyayen budurwa shekara bakwai kafin a ba shi ita. Kakana ya yi mata nasa cif, kuma shi ya sassaƙa mata ƙotar fartanyar nan kafin ya rasu. Gajeruwa ce daidai hannunta, inda babban yatsanta ke zama har ya lotsa ya yi santsi. Ba ta ara wa kowa, ba ta kuma karɓar aron ta kowa. Da damina tana cikin gyaɗa da gujiya da yakuwa. Da kaka tana sauko da damin dawa a kafaɗa. Lokacin kaɗanya kuwa ta riga kowa zuwa gindin bishiya. Ban taɓa ganin ta sha ƙwayar magani ba. Tuwon dawa take ci malmala biyu, ta yi barci har da minshari.

Sai babana ya bar aikin soja ya dawo gida. Saje ne, mutum mai son a ga ya yi. Ba mugu ba ne, wallahi ba mugu ba ne, wannan na faɗa na kuma sake faɗa. Yana son uwarsa. Amma ya fi tsoron bakin mutane a kan harsashi.

Wata Lahadi an tashi daga coci, wani abokinsa tsohon soja ya tare shi a gaban jama’a yana dariya. Ya ce, “Saje, ashe fanshon bai kai wajen tsohuwa ba? Jiya na gan ta da kaya a kafaɗa kamar wadda ba ta haifa ba.” Aka yi dariya. Baba ma ya yi, amma ta yaƙe. Ranar ko abincin rana bai ci ba.

Kafin mako ya zagayo ya shiga Zuru ya dawo da kujera mai soso a bayan mota. Aka ajiye ta a inuwar mangwaro, gari ya zo kallo. Ya durƙusa gaban Kaka ya ce, “Inna, kin wahala a kanmu. Daga yau kin huta.” Ta zauna ta gwada, ta yi godiya, ta sa masa albarka. Washegari da asuba ta saɓa fartanyarta ta hau dutse.

Ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya turo dattawan coci, duk a banza. Ya ba wani ɗan ƙanensa aron gonar, ta bi yaron can tana gyara masa kunyoyin shuka. Da ya ga abin ya ƙi, sai ya kira ni bayan ɗaki, ranar Kaka ta tafi zumuntar mata. Ni ake zurawa cikin babban rumbu in miƙo dawa, don bakinsa ƙarami ne, yaro kaɗai ke shiga. Ya ce in ɗauki fartanyar in tura ta can ƙasa, ƙarƙashin tsofaffin dammuna, kada in gaya wa kowa.

Da ma in ce muku tilas aka yi mini. Ƙarya ne. Da murna na hau tsanin nan. Na gaji da tashin asuba, na gaji da raɓa da ƙaya. A raina na ce, shi ke nan, gobe barci har rana ta fito.

Kwana uku Kaka tana nema. Ta duba bayan ƙofa, ta duba garken awaki, ta ɗaga tabarmi. Baba ya riga ya gargaɗi maƙwabta kada wanda ya ba ta tasa, ko da yake bai ma buƙaci wahalar ba. A rana ta uku ta kama hannuna, ta dube ni cikin ido, ta ce, “Jikata, kin ga fartanyata?” Na ce, “A’a, Kaka.” Ta daɗe tana kallona, sannan ta saki hannun. Ta je ta zauna a kujerar.

Kowa ya yaba. Duk wanda ya wuce sai ya ce, “Kai, Saje ya hutar da uwarsa, Allah ya ba mu irinsa.” Daminar farko tana zaune, fuskarta wajen dutse, tana tambayar masu saukowa ko an yi maimai, ko gyaɗa ta fara fure. Tuwo ya koma malmala ɗaya, ya koma rabi. Barci ya gudu. Da rani ƙafafunta suka kumbura, aka kai ta asibiti a Zuru, aka ce hawan jini ne, aka ba ta ƙwayoyi. Likitan ya ce a riƙa sa ta tana ɗan tattaki safe da yamma. Ta ce ita ba ta haukace ba da za ta riƙa yawo ba inda za ta, ba abin da za ta ɗauko. Daga nan sai sanda. Daga sanda sai a kama ta a fito da ita, a kama ta a mayar.

Ni kuwa na samu barcina. Amma duk ranar da aka zura ni cikin rumbu na san abin da ke ƙarƙashin ƙafata. Rumbun da bai taɓa ƙarewa ba sai ga shi yana ta yin ƙasa, don ba mai cika shi kamar da. A damina ta biyu na ɗaga damin ƙarshe, ga fartanyar nan kwance, ruwanta ya yi ja da tsatsa. Baba ba ya gida. Na ɗauko, na goge ta da zanena, na je na ɗora wa Kaka a cinya. Na zaci za ta yi tsalle ta miƙe. Yarinta ke nan.

Ta kama da hannu biyu, ta yi ƙoƙarin ɗagawa. Fartanyar ta ɗan tashi, ta koma. Ta ce, “Wannan ba tawa ba ce. Tawa ba ta da nauyi haka.” Sai babban yatsanta ya faɗa cikin lotsawar nan. Ta riƙa shafa wurin. Can ta miƙo mini, ta ce, “Mayar cikin rumbun, kada babanki ya doke ki.”

Ban ce mata daga rumbu na ɗauko ba. Ashe tun ranar farko ta sani.

Ba ta ga kakar shekarar ba. Wajen jana’iza fasto ya yi dogon wa’azi a kan ’ya’yan da ke kula da iyayensu, ya ba da misali da Baba. Baba ya yi kuka, na gaskiya. Har ya rasu bai taɓa yarda cewa kujerar ta yi wani abu ba. Tsufa ne, in ji shi, lokaci ne ya yi. To, lokaci na Allah ne, ban musa ba. Amma ni na ga matar da ta hau dutse ranar Talata, kuma ni na shiga rumbu ranar Laraba. Da na sani ƙeya ce, aka ce, tawa kuwa ta daɗe tana yi mini ciwo.

Yau ni ce tsohuwar. Gonar dutsen ta zama daji, ’yan bindiga sun hana kowa hawa. Abin da ya rage mini ɗan fili ne a bayan gida, kunya goma sha biyu, kuɓewa da yakuwa da gyaɗa. Fartanyar Kaka nake noma shi da ita, maƙeri ya sake mata ruwa, ƙotar dai ita ce. Gwiwata na ƙara, bayana na ciwo, amma in na yi gumi na wanke jiki, tuwo na shiga, barci na zuwa. Malamar asibiti ma ta ce kada in daina. Sai dai wani ɗan neman suna ya ɗauke ni hoto a waya ina duƙe, ya tura wa ɗana. Ga kujera ta iso.

Da yamma ɗan nawa ya kira. Na yi godiya, na sa masa albarka, me zan ce? Sai ya ce in ba ’yarsa wayar. Yarinyar a wurina take, shekararta goma sha ɗaya. Ta karɓa ta zagaya bayan ɗaki, ta daɗe. Da ta dawo ta kasa haɗa ido da ni.

Na jawo ta jikina, na ce, “Jikata, in babanki ya ce ki ɓoye fartanyar, ki ɓoye, kada ki saɓa masa. Amma in na tambaye ki ko kin gani, don Allah kada ki ce mini a’a.”